Mai Ƙirga Motoci a Ƙofar Gidanmu

Ku matso kusa 'yan uwana, yau bakina cike yake da magana, in ban zazzage muku ita ba wallahi abinci ma ba zai wuce min ba. Ga wadda yau ta fara leƙowa: sunana Maijidda, shekarata ashirin da uku, 'yar Malam Muntaka mai faci, a Kuka Uku, wani ɗan gari da ke can gefen hanyar Kunci, inda in ka buɗe ƙofar baya sai ka taka gonar gero. Na gama karatun malanta shekara biyu ke nan. Takarduna suna ƙasan akwatin Inna, an danne su da atamfofin da take tara min. Aiki shiru. Miji ma shiru, don tun da fetur ya tashi samarin yankinmu suka daina zuwa zance, wai babur ba ya shan ruwan rijiya.

Shi kuwa Baba babu ruwansa da wannan. Ranar Babbar Sallah ya kira ni zaure ya ce, “Maijidda, ni ban ce ga wane ba. Zaɓi naki ne. Amma kafin a gama sussukar geron bana ina son in ga takalmin namiji a bakin zauren nan.”

Na ce to. A raina na ce Baba, ai ko takalmin ma sai an biya masa kuɗin mota yake zuwa.

Bari in fara muku da dandalinmu, don daga can komai ya taso. A da fili ne fetal a tsakiyar gari, hanyoyi huɗu suna zubowa cikinsa, kowa ya shiga ta inda ya ga dama: mota, babur, amalanken shanu, jaki, har awaki. Ana zage-zage, amma ana wucewa. Rumfar Baba tana bakin hanyar arewa, ƙarƙashin durumi, shekara talatin yana faci a wurin. Sai bara aka turo ma'aikata, wai za a zamanantar da mu. Aka gina shataletale a tsakiya, aka kafa masa wani damin gero na siminti a ka, wanda kowa a garin nan tsintsiya yake ce masa. Aka toshe bakin hanyar arewa da katangar bulo iya gwiwa, aka dasa ƙarfe a kanta, aka jera kujerun siminti wai wurin shan iska. Rumfar Baba ta koma bayan katanga. Mota ba ta isa wurinsa, sai dai direba ya kwance taya ya gangaro ta da hannu. Wa zai yi?

Ga shataletalen kuma ɗan tsut. Doguwar mota ba ta zagaya shi sai ta yi gaba ta yi baya sau biyar. Da kaka ta yi, motocin hatsi masu zuwa kasuwar Dawanau suka fara fitowa, sai direbobi suka gano layinmu, wanda ya kewaye dandalin ta baya. Layin da a da kaji suke barci a tsakiyarsa! Yanzu tun sassafe ham, ham, har magariba. An goge mana kusurwar katanga sau biyu, an take zakaran Inna.

Amma ku tambaye ni ko Inna ta yi kuka. Inna Hure ɗanwake take sayarwa daga cikin gida. A da tukunya ɗaya ma sai ta yi kwantai. Yanzu cunkoso yana tsayar da direbobi a ƙofar gidanmu, yunwa ta kama su, ƙamshin mai da yaji ya haura katanga ya same su. Tukunya uku take ɗorawa, ni nake fita da kwanuka. In Baba ya dawo da yamma, hannunsa fes babu ko baƙin taya, ya zauna yana ja wa wanda ya zana shataletale Allah Ya isa, sai Inna ta tura masa kwano ta ce, “Malam, ci dai a hankali. Shi ya ciyar da kai yau.”

Baba ya ture kwanon. Can kuma ya jawo shi. Ni ina ɗaki ina danne dariya, amma ina ganin yadda wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Mutumin da bai taɓa zaman banza ba, yanzu wuni yake yana korar ƙuda daga kan famfon iska.

To, wata Talata, sati uku da suka wuce, na fito da tire cike da kwanuka sai na ga mutum a kan dakalinmu. Yadi ruwan toka ne a jikinsa, guga ta kama shi, hula zanna a ɗan karkace, ya ɗora wata 'yar riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Ga allo a cinyarsa da takarda. Duk abin da ya wuce sai ya ja ɗan layi. Ni kuwa kar ku so ku gan ni: doguwar rigar atamfa da ta sha wanki, hijabi ruwan ƙasa, silifas ɗaya nawa ɗaya na Inna.

“Sannu Malam,” na ce. “Haraji za a sa wa motocin ne kake ƙirga su?”

Ya ɗago. Wayyo ni Maijidda. Baƙi ne dogo, da wushirya, idanunsa kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi.

“A'a Malama, ƙirgawa kawai aka aiko ni.” Ya dubi titi, ya dubi takardarsa. “Kin ga, kin sa uku sun wuce ban rubuta ba.”

“Biyu ne. Ɗayar amalanke ce.”

“Ita ma yanzu ana rubuta ta,” in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. A lokacin ban gane abin da ya taɓa shi ba.

Sunansa Kashim. Kakansa daga Borno ya zo Kano da fataucin wake, babansa yana da rumfa a Dawanau, shi kuma yana aiki a wani ofishin ayyuka. An turo shi ya yi sati huɗu yana auna yadda sabon dandali ya canza zirga-zirgar gari. Ranar ya ci ɗanwake kwano ɗaya. Washegari biyu. Rana ta uku ya ce in ba shi lambata, wai don ya riƙa kama layi kafin ya ƙare. Na ba shi ina kallon ƙasa, kamar ba jira nake ba.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara, wannan mai fasasshen gilashin da nake kai wa caji shagon Khalilu tunda wuta sai ta ga dama take zuwa.

“Rahoton yau: motoci 212, amalanke 64, jakuna 31, Maijidda sau 9.”

Na karanta sau uku. Na kifa fuska a filo na yi ihu marar sauti. Sannan na daure na rubuta: “Ma'aikacin gwamnati bai iya lissafi ba. Sau goma na fito.”

“Na goman na gani. Biro ne ya faɗi.”

'Yan uwa, ku gaya min, wace zuciya ce za ta tsaya? Tun daga ranar rahoto ba ya yankewa. Ni ma na fito da leshina mai ruwan hoda da nake ajiyewa don biki, na zizara kwalli, na nemo silifas masu kama da juna. Inna ta kalle ni daga bakin murhu ta ce, “Ɗanwake za ki kai ko ɗaurin aure?”

“Kai Inna, sauran kayan ne duk suke wanki.”

“Uhm. Shi kuma yaron can, ɗanwake yake ci ko ido yake wankewa?”

Na ɗauki tire na gudu, ina jin ta tana dariya ita kaɗai.

Ana cikin haka 'yan dandali suka haɗu, mai shayi da mahauta da masu tireda, duk waɗanda katanga ta raba su da masu saye, suka naɗa Baba shugaba, suka ce a rubuta takardar koke. Wa zai rubuta? Ai 'yar Malam Muntaka mai karatun malanta. Baba yana faɗa ina rubutawa, daga ƙarshe na zuba nawa barkonon: “Muna roƙon a binciko wanda ya zana wannan abu, domin ga dukkan alamu bai taɓa ganin saniya ba, balle amalanke. A ba shi fartanya ya koma gona, ko a can ma a sa masa ido.” Da Baba ya karanta musu a ƙarƙashin durumi, an ce har mai shayi ya ƙware don dariya. Kwana biyu ina tafiya kaina a sama.

Litinin ɗin da ta wuce na kai wa Kashim kwanonsa, na tsaya ina wasa da gefen mayafi.

“Kun samu takardarmu a ofis? Ni na rubuta fa.”

“Mun samu. A teburina aka ajiye ta.” Ya juya cokali a cikin kwano. “Rubutunki yana da kyau. Musamman wurin fartanya.”

“Ka san shi ne, wanda ya zana ɗin?”

“Na san shi. Kullum yana cin ɗanwakenku.”

Wallahi tiren hannuna sai da ya karkace. Na zauna a ɗaya gefen dakalin ban san na zauna ba.

Ya ce sabon ɗauka ne shi a lokacin. Aka ba shi sati biyu ya ƙirga abin hawa ya kawo zane. Sati biyun kuwa suka faɗo a watan da fetur ya fara tashi, lokacin da kowa ya jingine motarsa, ga damina, shanu duk suna gona ana huɗa. Takardar da aka ba shi ma babu gurbin amalanke a cikinta.

“Na zauna a dandalinku na ga hanya wayam,” ya ce. “Sai na zana wa garin da babu kowa. Ban san mutanen da suka ajiye mota amalanke za su koma ba. Ban tambayi kowa yadda kaka take ba. Ni na roƙa a dawo da ni in sake ƙirgawa, Maijidda. Sai a sati na biyu na gane mai rumfar da na rufe babanki ne.”

“Innalillahi. In Baba ya ji…”

“Zan faɗa masa da bakina.”

“Kar ka soma! Wallahi kar ka soma!”

Na shige gida na yi alkawarin ba zan sake amsa saƙonsa ba har abada. Na cika alkawarin nan tun daga azahar har la'asar.

Sai ga Alhamis, ranar kasuwarmu, jiya ke nan.

Safara'u, matar yayana Tasi'u, tana da cikin fari, shi kuma Yaya yana Watari wurin aikin lambu. Tun safe naƙuda ta kama ta. Da hantsi ungozoma ta fito daga ɗaki, fuskarta ba yadda ta shiga da ita ba, ta ce wa Inna, “Hure, wannan ya fi ƙarfina. A kai ta asibiti yanzun nan.”

Asibitin yana can gabas da gari, sai an ratsa ta dandali. Na leƙa ƙofar gida. Wata babbar mota shaƙe da wake ta yi goshi da goshi da wata mai ɗauke da raguna, amalanke biyu a tsakaninsu, shanun suna ja da baya, babura sun cike duk wata kafa. A shataletale kuma wata doguwa ta hau bulo tayarta ta fashe, ta gindaya. Ko keke ba ya motsi.

Allah Ya taimake mu, maƙwabcinmu Basiru yana bayan gida da a-kori-kurarsa yana sauke kara. Muka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da Safara'u, ni da Inna muka hau. Ya bi ta lungun da yake ɓullawa daidai rumfar Baba. Nan muka tsaya cak. Katanga ce a gabanmu. Daga can ƙetarenta ga hanyar asibiti fetal, babu kowa a kai, don babu mai iya isa gare ta.

Mutane suka taru. Wannan ya ce a fasa, wancan ya nuna allon da aka kafa, mai cewa duk wanda ya taɓa zai fuskanci hukunci. Safara'u ta damƙe min wuyan hannu tana salati, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, leɓenta ya bushe. Inna tana tofa mata addu'a, muryarta tana rawa. Ban taɓa jin muryar Inna tana rawa ba.

Baba ya juya. Ya shiga rumfa ya fito da babbar gudumarsa. Ya ɗaga ta ke nan sai ga Kashim a guje, babu hula, babu allo, ya riƙe ƙotar.

“Baba, kawo.”

“Sake min, yaro!”

“In kai ka fasa kama ka za a yi. Ni da rigarsu a jikina. Kawo, Baba.”

Baba ya dube shi, ya dubi bayan mota, ya saki.

'Yan uwa, ku zo ku ga mai guga da karin hula yana dukan bulo! Duka ɗaya, biyu, uku, siminti yana tashi. Baba ya kawo ƙarfen cire taya yana ɓanɓarowa, mahauta suka ɗaura igiya a jikin ƙarfen suka ja, mai shayi yana kwashe ɓaraguzai da tirensa. Ba a yi minti goma ba aka buɗe kafa. Basiru ya taka mota muka tsallake, Kashim yana gudu a gabanmu, ya cire rigar ƙyallin yana kaɗa ta sama yana korar baburan da suka fara kutsowa. Ina riƙe da Safara'u ina hawaye, amma Allah Ya yafe min, ido ɗaya yana kansa.

Kafin azahar Safara'u ta sauka. Mace, ƙatuwa, mai gashi har goshi, uwa da 'ya lafiya. Inna ta yi sujada a barandar asibiti. Na kira Yaya Tasi'u, yana ta “Da gaske? Da gaske?” har katina ya ƙare.

Da muka dawo gari sai muka tarar da abin mamaki. Amalanke da ƙananan motoci sun gano kafar da aka fasa, sun riƙa zurarewa ta arewa, cunkoson ya warware kafin a idar da sallah. Baba kuwa ya yi facin tayar doguwar motar nan da wasu huɗu. Ya shigo gida hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, yana ta murmushi.

“Ina yaron nan mai ƙirga motoci?” ya ce. “A kira min shi. Hure, a zuba abinci mai kyau.”

Na tura saƙo da sauri: “Don girman Allah ka ci abinci ka tashi. Kar ka ce komai.”

Ya amsa: “To.” Ashe to ɗin maza ba irin namu ba ne.

Bayan la'asar aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Na kai shinkafa da wake da man gyaɗa, har da kifi, na dawo na laɓe a bayan ƙyaure. Ina juyowa sai na ga Inna a bayana, wai tsintsiya take nema.

“Samari, Allah Ya yi maka albarka,” Baba yake cewa. “Irinku ake so a ofis. Ba irin wancan da ya zana mana wannan masifa ba. Wallahi da zan gan shi…”

Na ji an ajiye cokali.

“Baba, ni ne.”

Inna ta damƙe min kafaɗa.

“Kai ne me?”

“Ni na zana. Ni na rufe maka rumfa. Ban yi da gangan ba, amma ni ne, kuma na san abin da ya jawo maka. Ka yafe min.”

Ya ba shi labarin sati biyun nan kaf, bai rage komai ba. Na leƙa ta tsagin ƙyaure. Baba ya zuba masa ido, yana murza gemu da baƙin hannunsa har gemun ya yi baƙi. Na ce shi ke nan, yau kwanon kifi zai tashi sama.

Can Baba ya ce, “A watan huɗa ka ƙirga?”

“E, Baba.”

“Ka zauna sati biyu a dandali, ina ƙarƙashin durumi, ba ka zo ka ce min sannu ba?”

“Kuskurena ke nan.”

“Shekara talatin ina wurin. Na san motar da take zuwa ranar Laraba, na san wadda birkinta ba ya ci.” Ya yi tsaki. “Ka iya gyarawa?”

Kashim ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware. Baba ya kalle ta a juye, ya kalle ta a daidai, ya ture ta gefe. Ya naɗe bakin tabarma, ya karyo tsinke, ya fara zane a ƙasan zaure.

“Nan hanyar arewa. A buɗe ta, ta amalanke ce tun kakanninmu. Wannan tsintsiyar taku a rage mata gindi. Masu hatsi su tsaya nan, ba nan ba, don nan ruwa yake kwanciya.”

“To masu babur fa, Baba?”

“Kai dai rubuta, ina zuwa kansu.”

Suka duƙufa, kai da kai, abinci ya huce. Baba yana faɗa yana zungurinsa da tsinke, shi kuma yana kwafa. Inna ta raɗa min, “In suka buɗe hanyar nan cinikina ya mutu fa.” Sai kuma ta share ido da bakin zani ta ce, “Ya mutu ɗin. Kin ga yadda yake magana? Rabon da in ji muryar nan tun bara.”

Ana shirin kiran magariba Kashim ya ninke takarda, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

“Baba, akwai wata magana kuma. Game da Maijidda.”

Na ƙara manna kunne a jikin ƙyaure.

“Wannan ba maganar bakinka ba ce,” in ji Baba. “Kana da manya?”

“Ina da su.”

“To.”

To! To kawai ya ce, 'yan uwa, amma na san to ɗin Babana. Na yi tsalle na taka ƙafar Inna, ta kai min duka da tsintsiyar da ashe tun ɗazu tana hannunta, muka ruga tsakar gida muna toshe baki. Na rungume turmi. Na gaishe da akuya. Na ɗora tukunya babu ruwa.

Yau Juma'a na tashi da waƙa a bakina. Na fito da kwanon farko, na zuba masa ƙwai har biyu a kai. Dakali wayam. Na duba hagu, na duba dama. Sai wayata ta yi ƙara.

“Wani ya ɗauki bidiyo ina fasa katangar, ya zaga har wurin shugabanmu. An ce in zo ofis ƙarfe goma in karɓi takarda. Ina jin dakatarwa ce, ko abin da ya fi haka. Kar ki damu. Ko yau aka ce in sake, zan sake.”

Ban san a fili nake karantawa ba sai da na ji muryar Baba a bayana, yana daga bakin zaure da butarsa.

“Sake karanta min.”

Na sake. Ya ajiye butar. Ya shiga ɗaki, ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a tun da sauran safiya, ya aika a kira Basiru. Kafin in gama rarraba kwanuka a-kori-kura ta cika: mai shayi, mahauta biyu, direban doguwar motar jiya da bai riga ya tafi ba, har da ungozoma, wai ita ce babbar shaida.

“Ke ma taho,” Baba ya ce min. “In sun kawo Turanci ke za ki fassara.”

“Baba bari in canza kaya…”

“Ƙarfe nawa yanzu?”

Haka na shiga gaba kusa da shi, da hijabin aikin Inna mai ɗigon manja a ƙirji, garin rogo har gira, hannuna yana warin albasa. Tafiyar minti arba'in, Basiru yana kashe mota a kowace gangara don ya tsimi mai, ni kuwa ina ta addu'a ina goge fuska da bayan hannu.

Muna tsayawa a ƙofar ofishin na hango shi yana fitowa. Farar ambulan ce a hannunsa, ko buɗe ta bai yi ba. Ya ga motarmu, ya ga Baba da babbar riga, ya ga mahauta suna dirowa, sai ya tsaya baki buɗe. Amma ba shi kaɗai ba ne. A gefensa akwai wani dattijo dogo, baƙi, cikin farar shadda, da carbi a hannu, da wushirya irin tasa sak.

Dattijon ya miƙa wa Baba hannu biyu, suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Sannan ya sunkuyo ya leƙo ta tagar mota, inda nake ƙoƙarin nutsewa cikin kujera, ya yi murmushi ya ce,

“Jiya yaron nan ya hana ni cin tuwo da sunan wata. Ko ke ce Maijiddar?”